Haihuwar Shekarar Muda: Talauci da Tsawon Rai a Ƙasar Kebbe da Tambuwal

A 1954 abubuwa biyu suka haɗu a ƙasar Hausa. Ɗaya yunwa ce, wadda tsofaffi ke kira Muda, da ta biyo bayan lalacewar daminar 1953. Ɗayan kuwa wani gagarumin gwaji ne da gwamnatin Jihar Arewa ta soma a yammacin Lardin Sakkwato, wajajen Birnin Kebbi, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya. Ma'aikata suka riƙa bi gida gida suna fesa maganin sauro a bangon ɗakuna, don a ga ko za a iya karya lagon zazzaɓi a karkarar Afirka. Ba a cika shekara biyu ba aka tarar sauron Ambursa ya daina jin ɗaya daga cikin magungunan, wato dieldrin. Sunan garin ya shiga littattafan masana sauro na duniya, zazzaɓi kuma ya ci gaba da ɗibar yara.

Yaron da aka haifa a Fakku a wannan shekara, can ƙasar Kebbe kudu da Tambuwal, in yana raye yau ya ba saba'in baya. Da yawa cikin waɗanda aka raɗa wa suna tare da shi ba su kai yaye ba. Wasu sun tafi da ƙuruciyarsu, wasu matan sun tafi a kan gwiwa, wasu kuma hawan jini ya kwantar da su suna 'yan hamsin da wani abu. Wanda ya bi sawun wannan tsara daga goyo zuwa furfura zai ga cewa cutar da ake ambata ranar jana'iza ita ce ta ƙarshe kawai a jerin abubuwan da suka daɗe suna cin jikin mamacin. Katangar da ta zube a ruwan Agusta, shekara da shekaru ta yi ba yaɓe.

Na san abin da za a ce: kwana ne ya ƙare. Haka ne, ba mai musun wannan, ajali na Allah ne. Amma addinin da ya koya mana ajali shi ya koya mana riƙo da sababi. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, kuma imaninsa da ƙaddara bai ragu ba. A kan sababi nake magana, domin shi ne za a tambayi shugaba a kai, a tambayi mai hali, a tambayi uba.

Labarin ya girmi yaron. Iyayensa sun taso ne a ƙasar da Turawa suka ci a 1903, suka mayar da haraji da jangali na tsabar kuɗi, ana karɓa da kaka, daidai lokacin da hatsi ya fi arha. Manomi ya sayar da gero da rahusa don ya fita daga hannun dagaci, bazara ta yi ya dawo kasuwa ya saya da tsada, ko ya ci falle ya biya dami biyu a kan ɗaya. Michael Watts, wanda ya zauna a ƙasar Katsina ya rubuta tarihin yunwa a Arewa a 1983, ya nuna yadda wannan tsari ya zaizaye rumbun tsimi da gandu da sauran hanyoyin da jama'a ke tallafar juna in damina ta gaza. Shi ya sa yunwa ta yi ta zagayowa da sunayenta: Kakalaba a 1914, Mai Buhu a 1927, 'Yar Gusau a 1942, sannan Muda. Uwar yaron namu, ke nan, mai yiwuwa ita ma a cikin wata yunwar ta yi rarrafe.

Sai dai akwai wani abu game da wancan zamani da ya kamata a lura da shi. Yunwa ta san gidan da take shiga, amma agana da sanƙarau da ƙyanda ba su cika tambayar ɗan wane ne ba. Ɗan hakimi da ɗan talaka duk wurin wanzami da mai magani ake kai su, domin disfensare na En'e tsiraru ne, abin da ke cikinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Tazarar da ke tsakanin mai hali da marar hali a gaban cuta ba ta kai ta yau faɗi ba. Ta buɗe ne sosai bayan magani mai aiki ya zo, ya zauna a inda kwalta da kuɗi da boko suke.

Tun a ciki ake fara rabon. A Gambiya, likitocin Ingila sun riƙa rubuta haihuwa da mutuwa a Keneba da ƙauyuka biyu na kusa da ita tun wajajen 1950. A 1997 suka fitar da abin da suka gani: waɗanda aka haifa a watannin yunwa, daga Yuli zuwa Disamba, sun fi sauran mutuwa bayan sun balaga, akasari da cututtuka masu yaɗuwa, kuma bayan shekara 25 bambancin ya kai kusan ninki goma. Da aka duba a Senegal ba a sami irin wannan ba, don haka masana ba su rufe muhawara a kai ba. Amma a nan gida ma akwai shaida. Wani bincike da aka yi a kan 'yan kasuwa a Inugu, aka buga a 2010, ya tarar waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin Biyafara sun fi waɗanda aka haifa bayanta hawan jini da alamun ciwon suga suna 'yan shekara arba'in. Dalilin da likitoci ke bayarwa mai sauƙin fahimta ne. Ɗan tayin da abinci bai ishe shi ba, jikinsa kan fifita ƙwaƙwalwa, ƙoda da sauran gaɓɓai su samu ragowa. Ƙodar da aka gina da ƙarancin kayan aiki ita za ta ɗauki nauyin mutum har tsufa. Kowa a ƙasar Kebbe ya san watannin da rumbu ke yin ƙasa, ya san kuma mai ciki ba ta daina daka da ɗiban ruwa da surfe don rumbu ya yi ƙasa.

Bayan ciki sai yaye, kuma a nan ne aka fi asarar 'yan tsarar 1954. An cire yaro daga nono an ɗora shi kan koko da fura, ƙyanda ta zo da rani ta bar shi ba ƙarfi, gudawa ta biyo, damina ta kawo zazzaɓi. Kowace ɗaya tana share wa 'yar'uwarta hanya. Babu cutar da ta fi bayyana wannan kamar noma, wadda mutane ke kira ciwon iska. Daga kumburin dasashi take farawa a bakin yaron da tamowa ko ƙyanda ta raunana, cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu da leɓe. In an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci da tsabtar baki sun isa. In ba a kama ba, tara cikin goma kan mutu. Turai ta rabu da ita tun da abinci ya wadata. A Sakkwato kuwa sai da aka gina mata asibiti sukutum a 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci kiran da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a Disamban 2023. Ɗan mai albashi ba ya kwanciya a wannan asibiti.

Wanda ya tsallake yaye, sai maganar karatu. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa a 1976, yaron namu yana da shekara 22, ya riga ya yi aure ko yana shirin yi. Allo ya yi, kuma ba ƙaramin abu ba ne, amma takardar da ke buɗe ƙofar aikin albashi ta wuce shi. Abin da ya fi wannan nauyi, ta wuce matar da zai aura. A 1979 John Caldwell ya nazarci alƙaluman Ibadan da kewayenta, ya nuna cewa karatun uwa shi ne kan gaba wajen rayuwar ɗanta, ko da an daidaita sauran abubuwa kamar aikin uba da wurin zama. Uwar da ta zauna a aji ta fi saurin gane cewa wannan zazzaɓin ba na jira ba ne, ta fi iya tsayawa gaban malamin asibiti ta yi tambaya, kuma an fi sauraronta a gida in ta ce a tafi yanzu.

Samartakar 'yan tsarar ta faɗa cikin farin 1973, girmansu kuma cikin na 1984. Ga mutumin Lardin Sakkwato, mafita sananniya ce: cin rani. Tun a ranin 1952 zuwa 1953, an ƙirga matafiya a mashigai da hanyoyi, ƙidayar da Mansell Prothero ya nazarta, aka sami fiye da mutum dubu 200, akasarinsu 'yan wannan lardi, sun nufi gonakin koko na ƙasar Yarabawa, da Gwalkwas, da sauran wuraren ƙwadago. Cin rani ya biya haraji, ya yi aure, ya ciyar da gidaje da yawa, ba na raina shi. Amma a dubi abin da yake karɓa a madadin haka. Dako da ga-ruwa da faskare da turin baro, kwana a rumfar kasuwa ko a cunkushe a shago guda inda tarin fuka ke yawo, cin abin da ya samu don a tara na komawa gida, ga haɗarin mota a bayan lodin buhuna. Mutum ya yi shekara talatin a haka, ya dawo gida yana da hamsin amma jikinsa na ɗan saba'in. Fari kuma in ya zo, akuya ake fara sayarwa, sai sa, sai a jinginar da gona. Wanda ya rasa gonar fadama a 1973, 'ya'yansa sun taso suna noma gonar wani.

Matan tsarar nasu ya fi tsanani, domin a jikinsu ne yunwar ƙuruciya ke haɗuwa da haihuwa. Yarinyar da ta tsumbure tana ƙarama, ƙugunta ba ya buɗewa yadda ya kamata. A aurar da ita kafin ta gama girma, naƙuda ta zo ta yi kwana biyu ko uku, ɗan ya mutu a ciki, ita kuma ko ta bi shi ko ta tashi da yoyon fitsari. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya tsakanin 1976 da 1979. Mafi yawan matan da suka rasu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, an kawo su a makare bayan komai ya lalace, kuma da wuya a sami wadda ta yi boko a cikinsu. Ya kuma ga wani abu da har yau ke taɓa zuciyata: 'yan mata masu ciki da aka ba maganin zazzaɓi da na ƙarin jini sun ƙara tsawo kafin su haihu. Yara ne, girmansu bai ƙare ba. Wannan a Zariya ke nan, mai jami'a da likitoci. Sai a auna macen da jijjiga ta kama da tsakar dare a wani ƙauyen Fakku cikin Agusta, hanya ta jiƙe, sai an nemi izini, an nemi kuɗi, an nemi abin hawa, kafin a kama hanyar Kebbe ko Tambuwal.

An yi ƙoƙari a tsakani. Rigakafin agana na ƙarshen shekarun 1960 ya shafe cutar gaba ɗaya. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya dage a kan ƙananan asibitocin karkara da rigakafin yara da ruwan gishiri da sukari. Sai dai zamaninsa ya zo tare da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Naira ta faɗi, magani ya yi tsada, asibitin gwamnati ya koma wurin da ake rubuta wa mutum takarda ya je kemis ya saya. Har yau, fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa. Ma'anar wannan a ƙauye ita ce a jira a ga ko zai sauka da kansa, a sayi rabin magani, a daina sha da zarar an ji dama. Jinya guda mai tsawo takan cinye abin da gida ya tara a shekara goma, ta bar yaran gidan ba makaranta, su ma su hau hanyar da iyayensu suka bi.

Alƙaluma sun zo sun tabbatar da abin da ido ke gani. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a gidajen da suka fi talauci, 173 ba sa kai shekara biyar, a gidajen da suka fi wadata kuwa 53. A Jihar Sakkwato adadin 197 ne, a maƙwabciyarta Kebbi 252, a Ogun 30. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya. Yaran Sakkwato da suka sami cikakken rigakafin farko kashi 5 ne cikin ɗari, a Anambra 76. A Sakkwato, matan da suka haihu a asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba, fiye da rabin yaran jihar kuma sun tsumbure. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa Sakkwato a kan gaba wajen talauci har sau biyu: kusan kashi 88 cikin ɗari a ƙidayar 2019, sannan kusan 91 a ta 2022, wadda ta haɗa da ilimi da lafiya da ruwan sha da muhalli. Waɗannan na jiha ne gaba ɗaya, har da birnin Sakkwato mai asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo. Yankin da ke can gefen iyaka da Zamfara da Kebbi ba shi ne zai fi birni sauƙi ba.

Jikokin 'yan 1954 sun gamu da nasu. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da ke gabas da nan, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, saboda iyaye na niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida. Ba son zuciya ya sa su ba, noma ne ya kasa riƙe gida, zinariya kuma ta yi tsada. Waɗanda suka rayu da dalma a jini za su ɗauki raunin ƙwaƙwalwa da na ƙoda har girma. Sanƙarau kuma, da ya kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan a 1996, an yi masa rigakafin nau'in da aka sani, sai wani sabon nau'i ya ɓullo a Jihar Sakkwato a 2013, ya ƙetara Kebbi a 2014, ya yi mummunar ɓarna a 2017. Cuta ce ta zafi da ƙura da cunkoso, ta ɗaki guda mai mutum takwas ba taga. Wanda aka kai asibiti a ranar farko yakan tashi. Wanda aka kai a rana ta uku, in ya tashi ma, sau da yawa ya kurumce, kuma kurman yaro a ƙauye an san makomar karatunsa.

Abin da ya yi aiki a tsawon shekarun nan kamanninsa ɗaya: kyauta ne, kuma shi ke zuwa ƙofar gida. Haka aka kawar da agana, haka aka kawar da kurkunu har aka ba Nijeriya shaidar rabuwa da shi a 2013. A shekarar ce kuma Sakkwato ta riga sauran jihohi raba maganin cibiya da ƙwayar tsayar da jini ga matan da ke haihuwa a gida, aka daina jiran sai sun zo. Haka maganin zazzaɓi da ake bi ana ba yara wata wata da damina. Duk inda aka ce sai mutum ya yi tafiya kuma ya biya, mai hali ne ke cin moriya, tazara ta ƙara faɗi.

Yanzu ragowar 'yan tsarar sun tsufa, kuma cututtukan da a da ake cewa na masu kuɗi ne sun same su a ƙauye. Hawan jini ba ya ciwo, sai ranar da ya shanye ɓarin jiki ko ya kashe ƙoda. Ɗan boko mai fansho yana aunawa, yana shan ƙwayarsa kullum, ya yi shekara ashirin da shi lafiya lau. Manomi sau da yawa ranar da ya faɗi a gona ce ranar farko da aka ɗaura masa abin awo. A Ingila, binciken da aka fara a 1967 a kan ma'aikatan gwamnati kusan 18,000 a Landan ya tarar masinjoji da masu gadi suna mutuwa ninki uku na manyan jami'ai, alhali duka suna da albashi da asibiti kyauta, kuma shan taba da makamantansa sun bayyana wani ɓangare ne kawai na bambancin. Sauran, in ji Michael Marmot da abokan aikinsa, yana da alaƙa da zaman ɗar-ɗar da rashin iko a kan al'amarin kai. In haka ta faru ga masinja mai albashi, ina ga dattijon da ke kwana da kunne ɗaya saboda 'yan bindigar da suka fito daga dazuzzukan Zamfara suka iso ƙauyukan Kebbe, wanda gonarsa ta nesa ta gagari noma, kuma kuɗin mota zuwa asibiti ya ninka tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023?

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ƙananan asibitoci, da nufin kowace mazaɓa ta sami guda mai aiki. Fakku mazaɓa ce. Abin da asibitin mazaɓa ke bukata don dattijo da mai ciki da ɗan yaye ba ɓoyayye ba ne: ungozoma mai horo da ke kwana a garin, abin awon jini mai aiki, ƙwayar hawan jini da ba ta yankewa, firjin rigakafi mai hasken rana, abincin tamowa, da motar da za ta tashi da dare. Haƙƙin mutanen Kebbe da Tambuwal ne su tambayi kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar da ke wakiltarsu a Abuja nawa ne ya iso asibitin mazaɓarsu a bana, a kan me aka kashe, kuma a manna amsar a bangon asibitin da Hausa, da boko da ajami, inda kowa zai karanta.